KWANA HUƊU A TSIBIRIN GORE: Yadda Wani Magidanci Daga Kano Ya Kai Iyalinsa Hutu Bakin Teku

Sanin kowa ne cewa Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal. Tun zamanin da fatake ke kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, har zuwa yau da 'yan kasuwa ke hawa jirgin sama zuwa Dubai da ƙasar Sin, ba a raba shi da hanya. Amma fa tafiyar tasa kullum da dalilinta, in ba fatauci ba ne, to, neman ilmi ne, ko aikin Hajji, ko ziyarar wani babban malami. Da wuya ka ji an ce magidanci ya bar kantinsa, ya kwashi iyalinsa ya kai su wata ƙasa don su zauna su huta kurum. Duk wanda ya yi haka, sai ka ji 'yan'uwa suna cewa kuɗi ne suka yi masa yawa, ya rasa inda zai kai su.

Irin maganar da aka yi ke nan a kan wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, wanda ya nemi a sakaya sunansa, sa'ad da ya ɗauki mahaifiyarsa da uwargidansa da 'ya'yansa uku ya nufi ƙasar Senegal da su cikin hutun makaranta na ƙarshen shekara. Asalin tafiyar dai ta tsohuwarsa ce. Shekara da shekaru tana fatan Allah Ya nuna mata Kaulaha, ta ziyarci kabarin Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rasu cikin 1975, wanda kuma dangantakarsa da Kano ta samo asali tun haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a Makka cikin 1937. Wannan kam babu wanda ya ga laifinsa. Abin da ya jawo magana shi ne kwana huɗun da maigidan ya ƙara a kai, domin babban ɗansa, ɗan aji biyar a sakandare, ya karanta labarin wani ɗan tsibiri da ake kira Gore a darasin tarihi, ya kuwa matsa da roƙo sai an kai su sun gani.

GARIN DA BABU MOTA

Daga Kaulaha zuwa Dakar tafiyar kimanin kilomita 190 ce a mota. A tashar jiragen ruwa ta Dakar ake yankar tikitin ɗan jirgin da ke jigila zuwa Gore, kuma kuɗin hawa-hawa ne, watau na mazauna ƙasar daban, na sauran 'yan Afirka daban, na Turawa da makamantansu daban. Saboda haka wajibi ne mutum ya riƙe fasfonsa a hannu. Tsakanin tashar da tsibirin bai wuce kilomita 3 ba, jirgin kuma yakan yi shi cikin minti 20. Ɗaya daga cikin jiragen sunansa Kumba Kastel, wanda mutanen wurin suka ce sunan aljanar da ke tsaron tsibirin ne.

Cikin iyalin nan shida, ban da maigidan babu wanda ya taɓa ganin teku sai a talabijin. Uwargida ta kama ƙarfen kujera ta rufe ido tana ta salati har aka isa. Ita kuwa tsohuwa, wadda aka fi jin tsoron tafiyar za ta wahalar, ta zauna daram tana jan carbi, tana yi wa jikanta babba wasa. Ta ce masa, "To, maigidan, ga tekun da ka dame mu da shi. Sai ka faɗa ka kamo mini kifin cefane."

Tun cikin jirgi wasu mata masu sayar da tsakiya da awarwaro suka kewaye su. Al'adarsu ce kowace ta zaɓi baƙonta, ta gaya masa sunanta, ta sa shi ya yi alkawarin zai zo rumfarta, kuma ba ta mantawa. Da jirgi ya matso gaɓa sai ga yara maza suna ninƙaya kewaye da shi, suna kiran fasinja su jefa kwabbai cikin ruwa, su kuwa su nutsa su cafko kafin su kai ƙasa.

Gore ƙanƙanen wuri ne ƙwarai. Tsawonsa kimanin mita 900, faɗinsa kuma kimanin mita 300, mazaunansa ba su kai mutum dubu biyu ba. Mai ƙafa lafiya zai iya ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan cikin minti 20. Babu mota ko ɗaya a cikinsa, babu kwalta, sai lunguna masu yashi da duwatsu. Kaya kuwa a baro ake tura su daga bakin jirgi. Gidajen tsofaffi ne, galibinsu benaye, an shafe su da ja-ja da rawaya, tagoginsu na katako, furanni sun sauko ta kan katangu. Ɗan autan gidan, mai shekara shida, wanda a Kano ba a barinsa ya leƙa ƙofar gida saboda babura da A-Daidaita-Sahu, ya fizge hannunsa ya ruga a guje. Uwar ta buɗe baki za ta kwaɗa masa kira, sai ta tuna babu abin da zai buge shi, ta ƙyale shi.

Masaukin da suka kama tsohon gida ne da aka mayar gidan baƙi. A nan suka gamu da matsalarsu ta farko, domin cikin ɗakuna ukun da aka yi musu alkawari ta waya, an riga an ba wasu baƙi ɗaya. Ga shi mai gidan ba ya jin Turancin Ingilishi sai Faransanci da Wolof, a Gore kuma ba kamar Kaulaha ba ne inda Hausa kan fid da mutum saboda yawan masu ziyara daga Nijeriya. Da ɗan Larabcin maigida da ɗan Faransancin da yaron ya koya a makaranta aka daidaita, aka shimfiɗa wa yara maza katifa a falo.

HANNU DA YAWA SUN RIƘE SHI

Duk ƙanƙantar tsibirin nan, Turawa sun daɗe suna zub da jini a kansa, domin yana da mashigi mai kyau inda jirage kan fake daga iska, ga shi kuma a kan hanyar da ta bi gaɓar Afirka ta Yamma. Mutanen Fotugal ne suka fara sauka cikin 1444. Daga baya mutanen Holan suka karɓe, su ne ma suka sa masa sunan da ya zama Gore, daga sunan wani tsibiri na ƙasarsu. Faransawa suka ƙwace shi cikin 1677, Ingilishi kuma suka karɓe daga hannunsu fiye da sau ɗaya, ciki har da tsakanin 1758 da 1763, kafin ya tabbata a hannun Faransa har Senegal ta sami mulkin kai cikin 1960.

Da aka kafa Dakar cikin 1857, sai ciniki ya riƙa ƙaura zuwa can, Gore ta yi ta raguwa. Wannan raguwa ita ce ta tsirar da tsofaffin gine-ginenta, da yake babu wanda ya ga amfanin rushe su ya gina sababbi. Cikin 1978 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsibirin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, yana cikin wurare 12 na farko da aka fara sawa.

A nan aka haifi Blaise Diagne cikin 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa, cikin 1914, wanda babban filin jirgin saman Senegal da aka buɗe cikin 2017 ke ɗauke da sunansa. Har ila yau a nan makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930. Yaron ya yi mamaki da ya ji cewa cikin waɗanda suka yi karatu a wannan makaranta akwai Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da Modibo Keita na Mali, da Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa. Ginin yana nan, ko da yake tsufa ya ci ƙarfinsa.

Ita kuwa 'yar gidan, mai shekara 13, abin da ya ɗauke mata hankali shi ne makarantar kwana ta 'yan mata da ke tsibirin, wadda aka sa wa sunan Mariama Ba, shahararriyar marubuciyar Senegal da ta rasu cikin 1981. 'Yan matan da suka fi kowa cin jarrabawa a duk faɗin ƙasar ake zaɓowa a kawo nan. Yarinyar ta daɗe tsaye a bakin ƙofar tana leƙe, daga baya ta tambayi mahaifinta ko su ma a Nijeriya akwai irinta.

GIDAN BAYI

Rana ta biyu da hantsi suka shiga wurin da ya sa sunan Gore ya zaga duniya, watau Gidan Bayi. An gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 18, na iyalin Pepin ne, waɗanda ke cikin barbarar yanyawar da suka mallaki yawancin manyan gidajen tsibirin a lokacin. Matan irin waɗannan gidaje, da ake kira sinyar, attajirai ne masu jirage da bayi na kansu. Cikin 1962 aka mayar da gidan wurin tarihi, kuma mutumin da ya raya shi, ya shafe fiye da shekara 40 yana ba baƙi labarinsa, shi ne Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya rasu cikin 2009.

In mutum ya shiga tsakar gidan zai ga matakala biyu sun lanƙwasa sun haɗu a bene. Sama ɗakuna ne masu faɗi da iska inda masu gida ke zama. Ƙasa kuwa ɗakuna ne ƙanana masu duhu, da 'yan tsagogi a bango maimakon taga, an rubuta a ƙofar kowanne irin waɗanda aka ce ana tsarewa ciki: maza daban, mata daban, 'yan mata daban, yara ƙanana daban. A ƙarƙashin matakala akwai wani kurfi da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki, inda aka ce nan ake jefa masu taurin kai. Mai yi musu jagora ya ce ana auna maza a sikeli, wanda bai kai kilo 60 ba sai a tsare shi a yi ta ɗura masa abinci har ya kai. Tsakanin matakalan biyu wani siririn lungu ya miƙe, a ƙarshensa ga wata ƙofa a buɗe, babu kome bayanta sai duwatsu da teku. Ita ake kira ƙofar da in an fita ba a komowa.

Manyan mutane da yawa sun tsaya a bakin ƙofar nan. Nelson Mandela ya zo cikin 1991, Paparoma John Paul na Biyu ya zo cikin 1992 ya nemi gafara saboda hannun da Kiristoci suka sa cikin cinikin bayi, shugabannin Amurka uku kuma sun zo, watau Clinton cikin 1998, da Bush cikin 2003, da Obama cikin 2013.

To, amma akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka cikin shekaru wajen 350. Da yawa daga masanan nan, ciki har da Philip Curtin na Amurka, sun nuna cewa rabon Gore cikin wannan adadi kaɗan ne, ɗaruruwa ne a shekara, ba miliyoyin da akan faɗa wa baƙi ba. Wasu ma suna ganin ɗakunan ƙasan na ajiyar kaya ne da kwanan bayin gida, kuma duwatsun da ke bayan ƙofar ba za su bar jirgi ya matso ba. Cikin 1996 jaridar Le Monde ta Faransa ta buga wannan magana, abin da ya tayar da ƙura ƙwarai a Senegal. Manyan tashoshin da aka fi kwasar mutane su ne irin su Luwanda a Angola, da Wida a ƙasar Benin ta yanzu, da Boni da Kalaba da Legas. Duk da haka babu mai musun cewa an sayar da mutane a Gore, an kuma tsare su a gidajenta, kuma ginin ya zama wurin da zuriyar waɗanda aka kwashe ke zuwa daga Amurka da Birazil su yi kuka.

Ranar ma akwai irinsu. Wata mata baƙar fata daga Amurka, wadda ta manyanta, ta dafa bangon lungun tana ta sheshsheƙa. Tsohuwar Kano, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenta, ta matsa ta kama hannunta ta riƙe har ta yi shiru.

TAMBAYAR DA YARO YA YI

Da suka fito, yaron ya tambayi mahaifinsa, ya ce, "Baba, akwai Hausawa cikin waɗanda aka fitar ta nan?"

Amsar ita ce, da wuya ta nan, domin Gore ta yi nisa da ƙasar Hausa. Amma an fitar da Hausawa da yawa ta wata hanya. Cikin yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, waɗanda aka kama akan gangara da su ta Nupe da ƙasar Yarabawa zuwa Legas da Badagiri da Wida, daga nan sai Bahiya a ƙasar Birazil. A Badagiri ma akwai wurin da ake kira da irin wannan suna na tafiyar da ba a komowa. Cikin 1807 hukumar Bahiya ta gano wani shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla, sa'an nan cikin Janairun 1835, a watan azumi, bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi bore a birnin Salbado. An sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Yaron bai tsaya nan ba. Ya ce, to, su Turawan nan da ba su shiga cikin ƙasa ba a lokacin, wa ya kamo musu mutanen? Maigidan ya ce wannan tambaya ta yi masa nauyi, domin ya san amsarta, ya kuma san cewa a kasuwar Kurmi, wadda yake ratsawa kusan kullum, an yi cinikin bayi har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kano cikin 1903, bautar kanta kuwa ba a soke ta ƙaƙaf a Arewa ba sai cikin 1936. Ya ce wa yaron su bari sai an ci abinci.

Tsohuwa ce ta ɗauki maganar da dare, bayan sallar lisha, suna zaune a soron bene ana jin ƙugin teku. Ta ce da jikokinta su matso. Ta gaya musu cewa kakarta ta wajen uwa, wadda ta goye ta, ta kuma rayu har ita tsohuwar ta yi aure, ba Bakanuwa ba ce. Tana yarinya ƙarama mahara suka faɗa wa ƙauyensu da asuba, aka kamo ta, aka yi ta tafiya da ita kwana da kwanaki, aka sayar da ita a Kano kafin zuwan Turawa. Tsagen fuskarta daban yake da na kowa a unguwar. Ba ta san sunan garinsu ba, abin da ta riƙe kawai shi ne akwai dutse a bayan gidansu da rafi a gabansa, kuma tana da wa namiji wanda aka kama su tare, aka raba su a hanya. In tana lallashin jariri takan yi waƙa da wani harshe da babu mai ji. Har ta rasu ba ta sake jin labarin wan nata ba.

Maigidan ya ce shekararsa 50 a duniya bai taɓa jin wannan labari ba. Ya ce mata, "Hajiya, me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?" Ta ce a zamaninsu abin kunya ne, ana ɓoye shi saboda auren 'ya'ya, kada a ce gidan jinin bayi ne. Ta ce ɗakin yaran nan da ta gani da rana shi ya tuno mata, ta ga in ta mutu da maganar, shi ke nan babu sauran wanda ya san matar ta taɓa zama 'yar wasu.

Babu wanda ya yi barci da wuri a daren nan. Yaron ya ɗauko littafinsa na makaranta ya rubuta duk abin da kakar ta faɗa, har da kamannin tsagen, wanda ta zana masa da yatsa a kumatunta.

BAYAN JIRGIN YAMMA YA TASHI

Yawancin masu zuwa Gore yini kawai suke yi. Sukan iso da hantsi, su shiga Gidan Bayi, su ci abinci a bakin ruwa, su koma Dakar kafin magariba. Wanda ya kwana shi ke ganin ainihin garin. Da baƙi sun watse masu rumfuna sukan tattara kayansu, yara su fito buga ƙwallo a dandali, dattawa su shimfiɗa tabarma gindin kuka ana dafa shayin da suke kira ataya, wanda ake sha zagaye uku kamar na Buzaye. Can tsallaken ruwa kuma ga fitilun Dakar, amma hayaniyarta ba ta isowa.

Maigidan da 'ya'yansa maza sukan yi salla a masallacin garin, wanda aka gina da dutse cikin 1890, yana cikin tsofaffin masallatan dutse na Senegal. A gindin tudu yake, dab da ruwa, har mai sujada yana jin igiyar ruwa tana dukan duwatsu. Wannan kusanci kuwa shi ne damuwar mutanen garin, domin teku na cin gaɓar tsibirin a hankali, kuma ɓangaren masallacin yana cikin inda abin ya fi tsanani. Ba nisa da nan akwai cocin Katolika da aka gama cikin 1830. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Senegal Musulmi ne, amma a Gore ana zaune lafiya, liman ya yaba wa maigidan yadda maƙwabtansu Kiristoci kan aiko musu da abinci ranar bikinsu, su ma su aika musu naman layya.

Wajen wanka a teku sai da aka yi dabara. Bakin ruwan da ake wanka ɗan ƙarami ne, kusa da inda jirgi ke tsayawa, da rana kuma cike yake da baƙi cikin shigar da uwargida ta ce ba za ta zauna 'ya'yanta suna kallo ba. Sai suka mayar da fitarsu bayan sallar asuba, lokacin babu kowa sai masunta. Ruwan da sanyi a wannan watan, amma bai hana yara ba. Ranar farko uwargida daga nesa ta tsaya. Rana ta biyu ta tsoma ƙafa. Rana ta uku da hijabinta da kome ta shiga har gwiwa, igiyar ruwa ta zo ta kayar da ita zaune, ta tashi tana dariyar da maigidan ya ce rabonsa da jin irinta tun suna amarci. Autan kuwa ya ɗanɗana ruwan ya tofar, ya zo da ƙara wai wani ya zuba gishiri a ciki.

Abinci bai ba su wahala ba. Babban abincin ƙasar shi ne cebujen, watau dafa-dukan shinkafa da kifi da kayan lambu, sai kuma yasa, kaza ko kifi da albasa mai yawa da lemon tsami. Abin sha kuwa zoɓo ne, wanda suke kira bisap, da kuma ruwan 'ya'yan kuka da madara, wanda suke kira buy. Tsohuwa ta ce ashe kwalba da nono har bakin teku. Sai dai kome ya fi na Dakar tsada, da yake a jirgi ake kawo shi, kuma wasu gidajen abincin bakin ruwa suna sayar da giya, saboda haka iyalin suka shirya da wata mata a lungunsu tana dafa musu.

Sun hau tudun Kastel, inda manyan bindigogin Faransawa suke har yanzu sun yi tsatsa, masu zane kuma sun mayar da ramukan soja wurin aikinsu, suna yin hotuna da yashi mai launi iri-iri. Sun kuma shiga ganuwar nan mai siffar da'ira da ke ɗaya ƙarshen tsibirin, wadda aka gina cikin shekarun 1850, yanzu kuma gidan tarihin Senegal ce. Shi maigidan, wanda ranar farko waya ba ta bar kunnensa ba saboda yaran kanti, ya ce a rana ta uku ya lura cewa tun da aka haifi 'yarsa bai taɓa zama ya yi hira da ita ta awa guda ba sai a kan tudun nan. A nan ne ta gaya masa likita take so ta zama, ba ta kuma son a yi mata maganar aure sai ta gama.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza zuwa Senegal, da yake ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar ECOWAS, amma ya tabbata ya riƙe katinsa na allurar ciwon shawara. A Gore ma akwai dutsen tunawa da likitocin da wannan cuta ta kashe cikin annobar 1878. Kuɗin ƙasar sefa ne, irin na Nijar da Benin, gara kuma mutum ya yi canji tun daga Dakar. Ɗakunan baƙi a tsibirin kaɗan ne, saboda haka a kama da wuri, a kuma sa mai jin Faransanci ya tabbatar kafin a taso. Daga Nuwamba zuwa Mayu babu ruwan sama, iska kuma da sanyi-sanyi, sai a riƙo rigar sanyi saboda yara da tsofaffi. Gidan Bayi ba ya buɗewa ran Litinin. Kalma biyu ta Wolof kuma tana buɗe ƙofofi da yawa: nanga def ita ce gaisuwa, jerejef kuma na gode.

Ran da za su tashi, matar nan mai tsakiya da ta kama uwargida tun cikin jirgi ta biyo su har bakin ruwa ta tuna mata alkawari, sai da aka saya. Tsohuwa kuwa ta sa ɗanta ya kai wa liman sadaka, ta ce a yi wa kakarta addu'a, ita da wanta, duk inda Allah Ya kai shi.

Da suka komo Kano, ƙanen maigidan, wanda ya fi kowa surutu a kan kuɗin da aka kashe, ya zo yi musu barka da sauka, ya tambaya cikin zolaya ko me aka samo a tsibirin. Maigidan ya kira yaron ya ce ya ɗauko littafin nan ya karanta wa baffansa. Yanzu haka littafin yana zagaya gidajen dangi, kuma an ce wata gwaggonsu da ke Gwarzo ta aiko cewa ita ma ta san matar, tana kuma tune da wani ɓangare na waƙar, in yaron ya sami hutu ya zo ya rubuta.